Wace manhaja za mu sa ta zaɓar mana furoje? Amsa ga ƙanena mai miliyan 60 da shawara uku

Salamu alaikum ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, kuran da rezo ne suka hana ni zama, kuma ba irin tambayar da ake amsawa da layi biyu ba ce. In na fahimce ka daidai, masu tallafi sun ba ƙungiyarku miliyan 60 na sefa don aiki guda a wata kwamin ta wajen Mirriya, ku kuma kuna da shawara uku a kan tebur, shato, wato tankin ruwa na sama, mai sola a babban gari guda, ko fanfunan hannu a ƙananan ƙauyuka, ko lambun rani na mata a fadama, kowa a biro ya kama nasa ya ƙi saki, sai masu kuɗin suka ce ku yi analiz miltikiriter, wato auna shawarwarin da ma'aunai da yawa, da lojisiyal, wato manhaja, ku aiko masu rapor. Kana so ka san wace manhaja za ka sauke, kuma ko ita za ta fitar maku da wanda ya fi.

Bari in fara da ta biyun. Za ta fitar da lamba ɗaya da lamba biyu da lamba uku, wannan kam ko yaro ya danna za ta fitar. Amma wanda ta sa a gaba, ku ne kuka sa shi tun lokacin da kuke cika tabilo, ita lissafi kawai ta yi. Kai da ka yi lise ka riga ka san wannan abin ba tare da ka san sunansa ba. Ka tuna kowefisiyan? Ɗalibi guda, maki guda, in ka lissafa masa da kowefisiyan na seri D inda lissafi da kimiyya ke da nauyi sai ya faɗi, in ka lissafa da na seri A inda faransanci da falsafa ke da nauyi sai ya haye har da yabo. Yaron bai canja ba, takardunsa ba su canja ba, nauyin da aka ɗora wa kowace matiyer ne ya canja. To duk wannan ilimin da ake ta ba shi manyan sunaye a atiliye, ƙashin bayansa ke nan: akwai zaɓuɓɓuka, akwai ma'aunai, kowane zaɓi yana samun maki a kowane ma'auni, kowane ma'auni yana da nauyinsa, a ninka a tara. Haka kuma ake yi wajen buɗe tayin 'yan kwangila, a ba ɓangaren ƙwarewa kaza bisa ɗari a ba farashi kaza.

Saboda haka kar ka fara da sauke komai. Ka fara da takarda da alƙalami da mutanen biro, ku zauna kan ma'aunai. Nan ne na fi ganin ana ɓata aiki. Mutum zai jero ma'auni goma sha biyar don rapor ya yi kauri, in ka duba sai ka ga kuɗin gini, kuɗin da kowane mutum ɗaya zai ci, da jimillar kuɗi, duk an sa su daban daban alhali abu ɗaya ne aka ƙirga sau uku, kuma wanda ya fi araha ya ci zaɓe tun kafin a fara. Biyar zuwa bakwai sun isa. A naku ma kuɗin gini ba ma'auni ba ne tunda duka ukun miliyan 60 ɗin za su cinye, abin tambaya shi ne me kowanne zai bayar da kuɗin. Kuma kowane ma'auni ya zama abin da za a iya aunawa ko a bayyana shi da kalmomin da mutum biyu za su fahimta iri ɗaya. In ka rubuta "ci gaban al'umma" a matsayin ma'auni to ba ka ce komai ba, kowa zai ba nasa furojen ɗari. Ka ce mutum nawa za su amfana, awa nawa mace ko yarinya za ta rage wajen neman ruwa a yini, wa zai gyara in ya lalace kuma da kuɗin wa.

Sannan akwai abubuwan da ba ma'auni ba ne sam, sharaɗi ne, ko an cika ko a fita. Wannan ka riƙe shi da kyau domin lissafin ninkawa da tarawa yana da wani mugun hali, yana bari alheri a wani wuri ya rufe ɓarna a wani wuri. Misali rijiyar da ruwanta ya wuce ƙa'idar sinadarin fulor, hukumar lafiya ta duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 a lita, nitrat kuma 50, in ka sa ingancin ruwa cikin tabilo a matsayin ma'auni mai nauyi goma bisa ɗari, to rijiyar za ta iya cin sifiri a nan ta rama da yawan jama'a da araha ta fito ta ɗaya. Duk ɗan Nijar da ya ji labarin yaran Tibirin Maradi da ruwan fanfo mai fulor ya lanƙwasa wa ƙasusuwa ya san wannan ba abin ramawa da maki ba ne. Haka maganar fili. Lambun da ba shi da takarda daga kwamitin ƙasa, kofo ɗin nan, ranar da ya fara ba da albasa da kabeji za ka ga magadan mai gonar sun tuna da gonar kakansu. Irin waɗannan ka tace su a ƙofa kafin su shiga lissafi.

Yanzu bari in yi maka misali, lambobin nawa ne na ƙirƙira don ka ga yadda abin ke tafiya, kar ka kwashe su ka sa a rapor. Mu ce ma'auni huɗu: yawan masu amfana nauyi 30, ɗorewa bayan furoje ya tashi 30, rage wahalar mata 25, tabbacin aikin zai yiwu ba tare da an yi asara ba 15. Jimilla ɗari. Maki daga sifiri zuwa ɗari. Shato mu ba shi 90 a yawan jama'a, 70 a ɗorewa tunda ana sayar da ruwa a bido a tara kuɗin gyara, 90 a wahalar mata, amma 30 kacal a tabbaci domin garin a kan dutse yake kuma shato yana son rijiya mai ƙarfi, ba wadda za ta ɗiga ba. Fanfunan hannu 70, 40, 70, 60. Lambu 40, 80, 60, 90, tunda a fadama ruwa kusa yake. In ka ninka ka tara, shato 75, lambu 64.5, fanfuna 59.5. Shato ya ci da tazarar maki goma da rabi, sai mai shato a biro ya miƙe ya ce to magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Ka ɗauki nauyin tabbacin nan da muka sa 15 ka riƙa ɗaga shi a hankali, sauran ukun suna raguwa daidai gwargwadonsu. Da ya kai wajen 28 sai lambu ya kamo shato, ya wuce nan lambu ne a gaba. Ka ga ashe duk gardamar biro ɗinku a kan tambaya ɗaya take: tsoron a haƙa a tarar da dutse busasshe, nawa ya kamata ya auna a ranku, ƙasa da 28 ko sama? Kuma wannan ba tsoron banza ba ne a ƙasarmu. Kai ka san Damagaram kanta a kan dutse aka kafa ta, shi ya sa ruwan da muke sha daga Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram ake jawo shi da bututu, kuma duk da haka in zafi ya yi ka san nawa 'yan garuwa ke sayar da bido. Wanda ya taɓa tsayawa a gaban mashin haƙa, gari duka ya kewaye, mata har sun fara guɗa, aka yi ta sauka sai ƙurar dutse ke fita, wannan mutumin ba zai ba tabbaci 15 ba. Wanda kuma bai taɓa gani ba zai ce ai injiniyoyi sun san aikinsu.

To wannan ɗagawa da saukar da nauyin, da ake ce wa gwajin sansibilite, shi ne ainihin abin da manhaja ke da amfani a kai, ba jerin na ɗaya na biyu ba. Kuma ka lura da wani abu a misalin, fanfunan hannu suna nan wajen 59 da ɗoriya komai yadda ka juya nauyin tabbaci, ba su taɓa hawa sama ba. In ka gwada sauran ma'aunan ma ka ga haka, to ka rage wa kanka aiki, gardama ta koma tsakanin biyu. Abu na biyu, tunda an gano inda abin ke rawa, sai a sayo ilimi a daidai wurin: a cire wani ɗan kaso daga bije a yi binciken jewofizik, wato auna ƙarƙashin ƙasa da na'ura a ga ko akwai alamar ruwa, a garin shaton, a je ofishin ma'aikatar ruwa na jiha a duba tarihin rijiyoyin da aka haƙa a kewayen, nawa suka ba da ruwa nawa suka fito a bushe, da ƙarfin da suka bayar. In binciken ya yi kyau makin shato ya tashi daga 30 zuwa 70, lambu ba ya kamo shi cikin sauƙi. In ya yi muni kun tsira da miliyoyinku.

Sai maganar yadda ake samo nauyin, wanda shi ne wuri mafi santsi. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne a tambayi mutane "tsakanin lafiya da kuɗi wanne ya fi muhimmanci", kowa zai ce lafiya, ai lafiya uwar jiki. Amma tambayar ba ta da ma'ana in ba a faɗi tazara ba. Ka je kasuwa sayen ragon layya, farashi abu ne mai muhimmanci ƙwarai, amma in raguna uku ne a gabanka bambancin kuɗinsu jika biyu ne kacal, alhali ɗaya ya ninka ɗaya a ƙiba, to farashi ya fita daga lissafi, ƙiba za ka duba. In kuwa ƙibarsu kusan ɗaya ce amma wani ya fi wani da jika hamsin, farashi ne sarki. Haka nauyi yake, yana bin faɗin tazarar da ke tsakanin mafi muni da mafi kyau cikin zaɓin da ke gabanka. Yadda nake yi shi ne in ce wa mutane, ku ɗauka an ba ku furoje wanda ya fi kowa lalacewa a duka ma'aunai, sai aka ce ku zaɓi ma'auni guda a ɗaga shi daga ƙasa zuwa sama, wanne za ku fara ɗagawa? Wanda suka zaɓa a ba shi ɗari, sai a ce na biyun fa, in wancan ɗari ne shi nawa ne. Daga baya a mayar da su bisa ɗari.

A ƙauye kuma ba na buɗe ordinater a gaban mutane, da ka buɗe an daina gaya maka gaskiya an koma kallon allo. Irin dabarar MARP, ta bincike tare da mutanen gari, nake yi, a zana da'ira a ƙasa kowace da alamarta, a ba su tsakuwa ko ƙwayar wake ɗari su raba. Maza daban, mata daban, samari daban, kuma dan Allah ku nemi makiyaya, Fulani da Buzayen da ke shayar da dabbobi a wurin, domin taron ƙofar maigari ba ya kama su kuma su ne za su fara zuwa bakin shaton da garke ran da aka buɗe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Za ka ga rabon mata ya sha bamban da na maza, su nisan ruwa za su tula wa wake. Kar ka yi saurin haɗa su ka fitar da matsakaici, matsakaicin ra'ayi biyu masu nisa ra'ayi ne da ba na kowa ba. Ka yi lissafin da nauyin mata, ka yi da na maza, ka yi da na mutanen meri, ka ga ko zaɓi ɗaya ke fita. In ɗaya ne alhamdulillahi. In ba ɗaya ba ne to ka rubuta haka a rapor, shawara ta koma hannun masu yanke shawara da idonsu a buɗe.

Yanzu manhajojin, tunda su ka tambaya. Ga zaɓi uku da ma'auni biyar ko shida, Excel ya ishe ka har ya yi yawa, in ba ka da shi LibreOffice kyauta ne. Layi guda na nauyi a sama, layin maki na kowane furoje a ƙasa, fonksiyo ɗin SOMMEPROD ta ninka ta tara, in ordinater ɗinka na ingilishi ne SUMPRODUCT ake ce mata. Amfaninsa shi ne kowa zai iya bin lissafin da idonsa, har kontabul ɗinku, ba a buƙatar intanet, kuma ka sa shi a kile ka kai Mirriya a buɗe. Ni kashi mafi yawa na ayyukan da na yi a nan suka tsaya.

In masu kuɗin sun nace sai hanya mai suna, to manyan gidaje biyu ne za ka ji. Na farko AHP, wanda wani malamin lissafi a Amurka, Thomas Saaty, ya fito da shi a shekarun 1970. Shi maimakon ka raba ɗari kai tsaye, sai ka riƙa gwada ma'aunai biyu biyu, wannan da wannan wanne ya fi kuma da nawa, daga 1 wato daidai suke zuwa 9 wato ba haɗi. Mutane suna jin daɗinsa don tambayar tana da sauƙi a baki, kuma yana da wani abu mai kyau, yana kama ka in ka saɓa wa kanka, kamar ka ce farin rago ya fi baƙi, baƙi ya fi ja, sannan ka dawo ka ce ja ya fi fari. Yana fitar da lambar saɓani, in ta wuce 0.1 sai a ce ka koma ka sake duba amsoshinka. Matsalarsa yawan tambaya, ma'auni biyar tambaya 10 ce, bakwai 21, goma kuwa 45, kuma wallahi bayan tambaya ta ashirin dattijo duk abin da ka ce "haka ne" zai ce maka don ya tafi sallar la'asar. Akwai kuma wani aibi da masana suka nuna tun 1983, wani lokaci in ka ƙara sabon zaɓi a jerin, ko da bai ci ba, sai na ɗaya da na biyu su yi musanyar wuri. Don haka kar ku riƙa cusa furoje na huɗu a tsakiyar aiki ba tare da kun sake dubawa ba. Manhajarsa ta kyauta ita ce Super Decisions, akwai Expert Choice ta kuɗi. Super Decisions tana aiki amma fuskarta ba ta da fara'a, ka ba ta kwana biyu kafin ka saba.

Gida na biyu na masu faransanci ne, ELECTRE ta Bernard Roy a Faransa tun shekarun 1960, da PROMETHEE ta Jean-Pierre Brans a Beljiyam a 1982. Su tunaninsu daban ne, furoje da furoje ake karawa a kowane ma'auni a ga wa ya rinjayi wa. Abin da nake so a PROMETHEE shi ne tana ba ka damar cewa ƙaramin bambanci ba bambanci ba ne. Ka ce mata in tazarar masu amfana ba ta kai mutum 200 ba ki ɗauke su daidai, in ta wuce 1000 to fifiko ne cikakke. Wannan ya dace da mu sosai, domin ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka kammala a 2012 aka yi ta, lambar da za ka samu ta ƙauye ƙiyasi ce a kan tsohuwar lamba, kuma maigari in ya ji maganar furoje yawan mutanensa yakan ƙaru a take. Me zai sa ka yarda mutum 3150 sun fi 3080? Tana kuma iya ce maka waɗannan biyun ba sa gwaduwa, kowanne ya fi ta wata fuska, wanda sau da yawa ita ce gaskiyar magana. ELECTRE kuma tana da abin da ake kira veto, wato in furoje ya yi muni ƙwarai a ma'auni guda ba zai rinjayi ɗan'uwansa ba ko da ya fi shi a sauran, irin maganar fulor ɗin nan.

Manhajar da zan ce ka gwada a nan ita ce Visual PROMETHEE ta Bertrand Mareschal, a Windows take aiki, ba ta buƙatar rezo bayan ka sauke, akwai sigar kyauta ta masu karatu da bincike, sai ka karanta sharaɗin lasisin ka ga ko aikinku ya shiga ciki. A cikinta akwai taga da kake jan nauyin ma'auni da linzamin ordinater kana ganin furojoji suna hawa suna sauka nan take, kuma tana nuna maka daga nawa zuwa nawa nauyi zai iya motsi ba tare da na ɗaya ya sauka ba. Ranar da ka haska wannan a bango a gaban mutanen meri za ka ga an yi tsit, kowa yana jiran ya ga inda nasa zai faɗi. Tana da wani zane kuma mai suna GAIA da ke nuna ma'aunan da ke tafiya tare da waɗanda ke jan juna baya, yana da kyau a rapor amma sai ka fahimce shi kafin ka nuna, kar a tambaye ka ka fara kame kame.

Za ka ci karo da TOPSIS a memuwar ɗalibai da yawa, ta 1981 ce, tana auna kusancin kowane zaɓi da mafi kyawun da za a iya samu da nisansa da mafi muni, a Excel ake yin ta. Akwai kuma na intanet irin 1000minds ta Niyu Zilan, masu kyau ne amma sai da rezo tsayayye da katin banki, ni ban ga dalilin da zai sa ka shiga wannan wahala don zaɓi uku ba. In da tambayarku "a ina za a haƙa" ce cikin ƙauye arba'in, to sai mu yi maganar manhajar QGIS da taswira, wannan wani karatu ne.

Bari in ba ka labarin abin da ya sa nake ta nanata maganar nauyi. Shekarun baya na yi aiki da wani furoje, ba zan faɗi suna ba, muna zaɓen garuruwan da za a yi wa aiki. Mun cika tabilo da yamma, na tafi gida. Da safe na tarar jerin ya canja, wani gari da yake na shida ya dawo na biyu. Ba a taɓa maki ko ɗaya ba, na duba su duka. Nauyi aka taɓa, an ƙara wa "sauƙin isa da mota" an rage wa "nisan ruwa", kuma garin a bakin kwalta yake, kuma ashe garin surukan wani babba ne a cikinmu. Da na yi magana sai aka ce ai lojisiyal ce ta fitar. Ka ji inda haɗarin yake, da can in babba ya zaɓi garinsu kowa ya san shi ya zaɓa, yanzu kuwa ya samu inda zai ɓuya, har da zane mai launi. Tun daga ranar ƙa'idata ɗaya ce, a tsayar da ma'aunai da nauyinsu tukuna, a rubuta pebe, wato takardar abin da taro ya tsayar, kowa ya sa hannu da kwanan wata, sannan a fara ba da maki. Masu ba da makin fasaha kuma daban, injiniyan ruwa ya ba da na rijiya, malamin gona ya ba da na lambu, kowane maki da layi guda a gefensa da ke cewa daga ina aka samo shi. In daga baya wani yana so a canja nauyi ba laifi, ana iya yin kuskure, amma a canja a gaban kowa a rubuta dalili, a nuna sakamako na da da na yanzu.

Wani abu da ke saurin kuɓucewa, makin ɗorewa. Kar ku ba da shi daga biro. Ku shiga kat-kat ku zaga kwamin ɗin ku ƙirga fanfunan hannu nawa aka taɓa kafawa, nawa ke aiki yau, waɗanda suka mutu me ya kashe su, akwai mai gyara kusa, a ina ake samun kayan gyara, sai an zo Damagaram ko sai an tsallaka Kano. Ku duba shato na kusa, wa ke riƙe da kuɗin ruwa, an taɓa sace pano, asusun gyara yana da ko sisi. Lambun mata kuma ku tambayi wanda aka yi a baya, bayan furoje ya tashi waya ta kewaye tana nan ko awaki sun gama da shi, kuma in kowa ya kwashe tumatir a sati ɗaya wa ke saye. Yini biyu na teren sun fi sati guda na danne danne.

A rapor ɗin da za ku aika, shafi huɗu ko biyar sun isa. Zaɓuɓɓukan da sharuɗɗan da aka tace su da su, ma'aunai da wanda ya ba su nauyi da yadda aka yi, tabilon maki da madogararsa, sakamako da nauyin kowane rukuni, sai gwajin sansibilite da jimla guda a fili irin "shato ne a gaba muddin nauyin tabbaci bai kai 28 ba". In kana da lokaci ka yi lissafin sau biyu, a Excel da Visual PROMETHEE, in sun ba da na ɗaya iri guda ka faɗa, in sun saɓa to furojojin biyu sun yi kusa da juna ne sosai, shi ma ka faɗa.

Ka fara da jero ma'aunanku a daren nan ka turo min ta WhatsApp in duba maka waɗanda suka maimaita juna, kar ka sa maki tukuna. Kuma gobe in ka samu hali ka leƙa ma'aikatar ruwa ka tambayi bayanan rijiyoyin garin shaton, ka tafi da wasiƙa daga biro mai tambari, in ba haka ba za a ce maka mai makullin ya fita. Ka gaida mutanen gida.